Fulogin na QGIS: a ɗora a babban rumbu, ko a raba zip hannu da hannu?

Mai_Awo:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambayata ga waɗanda suka saba rubuta fulogin (ƙaramin ƙari da ake liƙa wa manhaja) na QGIS, manhajar taswira, da Python ne. A ce an rubuta ɗan ƙarami da ke karanta leyar filaye (shimfiɗar bayanansu a kan taswira), ya auna faɗin kowanne, ya fitar da rahoto a CSV. Yana aiki lafiya lau a kwamfutar da aka rubuta shi. Yanzu ana so mutum 30 zuwa 40 su riƙa amfani da shi, wasu a Windows, wasu a Linux, kuma ya dogara da laburare (tarin kod da wasu suka rubuta) guda ɗaya da ba ya zuwa tare da QGIS. Wanne ya fi, a ɗora shi a babban rumbu, wato plugins.qgis.org, ko a tura wa kowa zip ya girka da kansa? Ni dai ina ganin zip ya wadatar, tunda manajan fulogin yana da wurin girkawa daga zip, kuma ba sai an jira amincewar kowa ba.

Zainab_PyQGIS:
Wa alaikumus salam Malam. Girkawar farko ba ita ce matsala ba, zip yana yin ta cikin minti ɗaya. Ranar da ka gyara kuskure ne wahalar ke farawa. Fulogin da aka girka daga zip ba shi da rumbun da QGIS zai leƙa ya ga ko sabuwar siga ta fito, don haka babu mai samun sanarwa. Bayan gyara uku sai ka tarar da mutum 10 a kan 1.0, wasu a kan 1.1, wasu sun sake girka tsohon zip da ke kwance a waya. Wani ya ce lissafi bai yi daidai ba, kai kuma ba ka san wace siga yake riƙe da ita ba. Ga mutum biyu ko uku, zip ya isa. Ga 40 kam, rumbu.

ƊanKod:
Na yarda da Malama Zainab a kan rumbu, amma ba lallai sai babban ba. Idan fulogin ɗin na cikin gida ne, ya san tsarin bayananku kawai, ba abin da zai amfana wa sauran duniya, to ku kafa naku. Rumbu ba wani abu ba ne illa fayil ɗin plugins.xml da zip a kan kowace sabar da ake iya kaiwa ta HTTPS. Kowane fulogin yana da shigarwar pyqgis_plugin mai ɗauke da name da version, a cikinta kuma a sa qgis_minimum_version, file_name da download_url. Mai amfani ya buɗe manajan fulogin, ya je shafin saituna, ya ƙara adireshin sau ɗaya, shi ke nan. Duk ranar da ka canza version a cikin xml ɗin, zai ga akwai sabuntawa.

Abin lura ɗaya: QGIS yana gane fulogin ne ta file_name, yana ɗaukar abin da ke gaban ɗigon farko. Idan jakar fulogin ɗin awon_fili ce, to file_name ya zama awon_fili.1.2.0.zip. Ka rubuta awonfili ko awon-fili, sai ya ɗauke shi a matsayin wani fulogin dabam, wanda aka girka kuma ya ci gaba da zama ba sabuntawa.

Injiniya_Buba:
Kafin a yi nisa da maganar rabawa, Mai_Awo, da me yake auna faɗin? Idan geometry().area() ne kawai, amsar tana fitowa ne a ma'aunin leyar. Leya a EPSG:4326, tsarin latitud da longitud, za ta ba ka digiri murabba'i, lamba ce marar amfani. A EPSG:3857 kuma, tsarin taswirorin intanet, za ta ba ka mita, amma ƙarya ce mai kama da gaskiya: a latitud 45 faɗin yana ninkuwa kusan sau 2, a 60 kusan sau 4. Tunda ba ka da iko da irin leyar da mutum 40 za su buɗe, yi amfani da QgsDistanceArea, ka ba shi setSourceCrs da tsarin leyar, ka ba shi setEllipsoid da na aikin, sannan measureArea. Amsar mita murabba'i ce, ka raba da 10,000 ka sami hekta.

Mai_Awo:
area() ne kuwa, Injiniya. Leyar da aka gwada da ita tana UTM, tsarin da ke awo da mita, shi ya sa lissafin ya fito daidai. Za a gyara.

Hauwa_OSM:
Ni ina ɓangaren babban rumbu, ko da fulogin ɗin ƙarami ne. Sharuɗɗansu ne ke tilasta wa mutum tsabtace aiki. Ga abin da za su nema:

Sai ka buɗe asusun OSGeo, gidauniyar da QGIS ke ƙarƙashin inuwarta, da shi ake shiga. Zip ɗin ya ƙunshi jaka ɗaya tak a sama, cikinta da __init__.py da metadata.txt da fayil mai suna LICENSE. Wannan na ƙarshen ya zama dole tun 2024, ga sabon fulogin da kuma sabuwar siga ta tsoho. A metadata.txt, ƙarƙashin general, dole a sami name, qgisMinimumVersion, description, about, version, author, email da repository, kuma masu dubawa suna buɗe adireshin repository da tracker da homepage su ga ko suna aiki. Kod ɗin da ke can ya zama shi ne wanda ke cikin zip, ba wai a jefa zip ɗin a GitHub a ce ga shi nan ba. Ba a karɓar fayilolin da aka riga aka haɗa irin su exe da dll, kuma girman zip yana da iyaka, megabait 25. Bayan ka ɗora, ba ya bayyana ga jama'a sai wani daga masu kula da rumbun ya amince. 'Yan sa kai ne, don haka kada ka ɗora yau da niyyar a yi horo da shi gobe da safe.

Sani_Sabar:
Ƙari a kan na Malama Hauwa: abin da ya fi sa a mayar da zip shi ne yadda aka naɗe shi. Ana ƙin wanda ke da __pycache__ ko .git ko __MACOSX a ciki. Na ƙarshen nan Mac ne ke cusa shi da kansa idan aka matse jaka ta danna dama. Hanya mafi tsabta ita ce

git archive --prefix=awon_fili/ -o awon_fili.zip HEAD

Wannan ba ya ɗaukar komai sai abin da git ya sani. Jakar gwaje-gwaje da bayanan gwaji kuma a sa musu export-ignore a .gitattributes, ba za su shiga ba.

Kada kuma a tura wa mutane zip ɗin da GitHub ke bayarwa ta koren maɓallin nan. Jakar ciki takan fito da suna irin awon_fili-main, ko awon_fili-1.2.0 idan daga tag ne. Na farkon yana karya duk inda aka rubuta from awon_fili import, na biyun kuma ɗigon da ke ciki yana sa Python ya zaci ƙunshi ne a cikin ƙunshi, fulogin ya ƙi tashi gaba ɗaya.

Bala_Raster:
Duk kun tsallake laburaren nan da ya ambata, alhali a nan gizo ke saƙar. Rumbu, babba ko ƙarami, fulogin kawai yake saukewa, ba ya girka laburaren Python. Mai_Awo, laburaren Python zalla ne ko yana da sashen C?

Mai_Awo:
Python zalla ne, na rubuta fayil ɗin Excel. Rahoton CSV ne, amma wasu suna son xlsx.

Bala_Raster:
To kafin komai, GDAL, laburaren karanta da rubuta fayilolin taswira da ke zuwa da QGIS, yana da direban XLSX. QgsVectorFileWriter.writeAsVectorFormatV3 da driverName a XLSX zai rubuta maka teburin ba tare da wani laburare ba. Ba za ka sami launi da ado a ɗakunan teburin ba, amma idan lambobi kawai ake so, ka cire dogaron nan ka huta. Laburaren da ba ka da shi ba zai taɓa karye maka ba.

Zainab_PyQGIS:
Idan kuma ana son adon, hanyoyi uku ne, kowace da ƙayarta.

Ta farko, a ce wa mai amfani ya girka da kansa. A Windows sai ya buɗe OSGeo4W Shell ya rubuta python -m pip install, ba a cmd na yau da kullum ba, domin QGIS yana da nasa Python dabam da na kwamfutar. Rabin mutane za su girka a Python ɗin da ba shi ba, su dawo su ce har yanzu ModuleNotFoundError. A Linux kuma QGIS na Flatpak yana cikin nasa keji, pip na tsarin bai isa gare shi ba.

Ta biyu, a kwafe laburaren cikin fulogin, a jaka kamar ext, da pip install --target. Ga Python zalla wannan yana aiki a ko'ina, muddin lasisinsa ya yarda kuma ka bar fayil ɗin lasisin a ciki. Ga mai sashen C ba ya yiwuwa cikin sauƙi, domin kowane tsarin aiki da kowace sigar Python suna da nasu ginin, kuma babban rumbu ba zai karɓa ba.

Ta uku, fulogin ɗin QPIP, wanda ke karanta requirements.txt ya tambayi mai amfani ko a girka. Sai ka sa shi a plugin_dependencies cikin metadata.txt.

ƊanKod:
Hanya ta biyu tana da tarkon da mutane ba sa gani. Duk fulogin da ke cikin QGIS a Python ɗaya suke zaune, sys.modules ɗaya suke rabawa. Idan ka cusa jakar ext a sys.path, wani fulogin kuma ya riga ya shigo da wata sigar laburaren, tasa za ka samu ba taka ba. Idan kai ka riga shi, shi ne zai karye, kuma mai shi ba zai taɓa gane dalili ba. An yi gudun gara an faɗa gidan zago ke nan. Abin da ya fi aminci shi ne ka fara gwada import na yau da kullum cikin try, sai ya gaza sannan ka koma na ext. In laburaren yana kiran sassansa da shigowar dangi, from .ext import ya fi duka, domin bai taɓa sys.path ba.

Sani_Sabar:
Ga masu tunanin fulogin ya kira pip da kansa a ɓoye: a Windows, sys.executable a cikin QGIS ba python.exe ba ne, qgis-bin.exe ne. Ka ba subprocess shi da -m pip, wani sabon QGIS ne zai buɗe a gaban mai amfani. Ko da ma ka nemo python.exe na gaskiya, girka abu ba tare da tambaya ba rashin ladabi ne, kuma pip yana iya ɗaga numpy zuwa sigar da GDAL ɗin da ke wurin bai san ta ba. Daga nan duk kayan rasta sun tsaya.

Ummi_Taswira:
Don Allah ku yi haƙuri da sabuwar shiga. Idan an ɗora a babban rumbu, kod ɗin ya zama na kowa ke nan? Ma'aikata za ta iya cewa nata ne, ba ta yarda a gani ba?

Hauwa_OSM:
Ba komai 'yar uwa, tambaya ce mai kyau. QGIS yana ƙarƙashin lasisin GPL siga ta 2 ko wadda ta biyo baya, kuma matsayin aikin QGIS shi ne fulogin da ke shigo da qgis.core dole lasisinsa ya dace da GPL idan za a raba shi. Haƙƙin mallaka yana nan a hannun wanda ya rubuta. Abin da lasisin ya ce shi ne duk wanda ka ba fulogin ɗin yana da damar ganin kod, ya gyara, ya ba wani. Bai ce dole ka baje shi ga duniya ba. Ma'aikata tana iya riƙe nata a rumbun cikin gida ba ta saɓa wa komai ba. Sayarwa ma bai hana ba, sai dai wanda ya saya ba za ka iya hana shi rabawa ba. Shi ya sa kamfanoni da yawa ke sakin fulogin kyauta, kuɗin kuma suna karɓarsa a kan sabis ɗin da fulogin ke magana da shi ta intanet.

Injiniya_Buba:
Ni ina da ja a kan tsarin tun daga tushe. Abin da ke karɓar leya ya fitar da tebur bai kamata ya zama maɓalli da taga ba, algoridim na Processing, akwatin kayan sarrafa bayanai na QGIS, ya kamata ya zama. Ka gaji QgsProcessingAlgorithm, ka rubuta initAlgorithm da processAlgorithm da createInstance, ka sa hasProcessingProvider=yes a metadata.txt. QGIS ne zai zana maka tagar da kansa. Za ka sami gudanarwa a kan leya 50 a jere, za a iya saka shi cikin model, yana gudana a bayan fage da maɓallin sokewa, kuma tun 3.14 ana iya kiransa daga layin umarni da qgis_process ba tare da an buɗe QGIS ba. Kusan rabin kod ɗin taga da Plugin Builder, mai samar da ƙashin sabon fulogin, ke samarwa sai ka goge shi.

Bala_Raster:
Gaskiya ne Injiniya, amma ba kowane mai amfani ne ke sanin hanyar akwatin Processing ba. A yi duka biyun: algoridim ɗin ya yi aikin, maɓalli ɗaya a sama ya kira processing.execAlgorithmDialog. Layi biyar ne.

Zainab_PyQGIS:
Tunda an taɓo bayan fage, ga abin da ke kashe QGIS ba tare da ko saƙon kuskure ba. Ko a processAlgorithm ko a run() na QgsTask, kada a taɓa iface, kada a taɓa taga, kada a ƙara leya a QgsProject. Waɗannan na babban zare (main thread, mai kula da fuskar manhajar) ne kawai. Ko print() yana iya rufe manhajar idan tagar Python a buɗe take, domin rubutun taga yake zuwa. Yi amfani da feedback.pushInfo ko QgsMessageLog. A QgsTask, duk abin da ya shafi fuska a bar shi sai finished(). Leya kuma kada a miƙa ta kai tsaye, a gina QgsVectorLayerFeatureSource a babban zare a miƙa shi. Sannan a riƙe aikin a self.task. Idan a variable na cikin function kawai aka ajiye shi, Python yana share shi da zarar function ɗin ya dawo, sai ka ga wani lokaci ya gama, wani lokaci shiru kamar an shuka dusa.

A cikin madauki kuma a duba isCanceled() a kowane zagaye, in ba haka ba maɓallin sokewa ado ne kawai.

Mai_Awo:
Madalla. To idan na fahimta, ko wane rumbu aka zaɓa, gyaran da ke gabana ɗaya ne. Amma har yanzu ban ga abin da zai sa a kai shi babban rumbu ba, tunda na ƊanKod yana ba da sabuntawa ba tare da jira ba.

Hauwa_OSM:
Abu biyu. Babban rumbu yana cikin kowane QGIS tun daga girkawa, mai amfani suna kawai zai rubuta. Naka kuwa sai kowa ya ƙara adireshi da hannu, kuma duk wanda ya buɗe sabon furofayil ko ya sauya kwamfuta sai ya sake. Na biyu, ranar da sabar ɗinku ta mutu ko takardar HTTPS ta ƙare, ko wanda ke kula da ita ya bar aikin, rumbun ya tafi. Ga kuma sigar gwaji: ka sa experimental=True, waɗanda suka kunna ganin na gwaji ne kaɗai za su same ta, sauran suna kan tabbatacciya.

ƊanKod:
Rumbun gida ma yana da experimental a xml. Maganar adireshi kuma, inda akwai mai kula da kwamfutoci ana iya sa shi a qgis_global_settings.ini, kowane sabon furofayil ya taso da shi. Ni abin da nake ƙi shi ne a cika babban rumbu da fulogin da ba ya aiki sai da teburin wata ma'aikata guda. Wani ya girka, ya ga kuskure, ya ba shi tauraro ɗaya, an ɓata wa kowa lokaci.

Sani_Sabar:
Ba sai an zaɓi ɗaya an bar ɗaya ba ma. qgis-plugin-ci yana naɗe zip daga tag na git, ya ɗora a GitHub, ya samar da plugins.xml idan ka ba shi --create-plugin-repo, kuma shi ne dai ke iya turawa babban rumbu da asusun OSGeo. Ku fara da na gida, in ya nuna wasu za su amfana, layi ɗaya za a ƙara. Kalmar sirrin dai a ajiye ta a ma'ajiyar sirri ta CI, wato tsarin da ke gudanar da naɗin da kansa, kada ta shiga git.

Ummi_Taswira:
Wata tambayar kuma. Sunayen da ke da ƙ da ɗ da ɓ suna fitowa daidai a irin wannan rahoton?

Zainab_PyQGIS:
Sai an kula. A Windows, open() ba tare da an faɗi encoding ba yana ɗaukar tsarin kwamfutar, galibi cp1252, wanda ba shi da waɗannan haruffa. Yana isa kan ƙ sai UnicodeEncodeError. A Linux ba za ka taɓa ganin wannan ba, shi ya sa yake kuɓuce wa mai rubutawa. Kullum a rubuta encoding='utf-8', ga CSV kuma da newline=''. In da Excel za a buɗe shi, utf-8-sig ya fi, domin alamar da yake sawa a farko ita ke sa Excel ya gane. Idan leyar shapefile ce, haruffan sun dogara da fayil ɗin .cpg da ke gefe, sunan filin tebur (field) kuma ba ya wuce bait 10, kuma kowane harafi mai lanƙwasa bait 2 yake ci. GeoPackage ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Fassarar fulogin ɗin kansa ma ba wuya: kowane rubutu a naɗe shi da self.tr(), pylupdate5 ya fitar da fayil ɗin .ts, a fassara a Qt Linguist, lrelease ya mayar da shi .qm, a ajiye a jakar i18n da lambar harshe ha. Kada dai a sa f-string a cikin tr(), domin rubutun yana canzawa kafin a nemi fassararsa. A rubuta tr da {} sannan format a waje.

Bala_Raster:
A metadata.txt ma akwai irin wannan. Alamar % a cikin changelog ko about tana rikita configparser, sai an rubuta ta sau biyu. Layi na biyu na kowane dogon bayani kuma sai an tura shi ciki da sarari.

Injiniya_Buba:
Abin da ban ji an ambata ba shi ne unload(). Duk abin da initGui() ya ƙara, unload() ya cire: removePluginMenu, removeToolBarIcon, removeProvider, da disconnect ga kowace siginar da aka haɗa da QgsProject ko iface. Gwajinsa mai sauƙi ne. Girka Plugin Reloader, ka sake loda fulogin ɗin sau 5. In ka ga maɓalli 5 a sama, ko saƙo ɗaya yana fitowa sau 5 idan an ƙara leya, to unload() bai cika ba. Wannan ya shafi maganar rumbu kai tsaye, domin lokacin sabuntawa QGIS yana kiran unload() na tsohuwar siga kafin ya loda sabuwa. In bai cika ba, tsohon kod yana nan yana amsa sigina har sai an rufe manhajar.

Hauwa_OSM:
Da kuma gwaji a sabon furofayil. Furofayil ɗin mai rubutawa cike yake da abubuwan da ya girka ya manta. Buɗe sabo fil daga menu na saituna, ka girka zip ɗin da za ka raba, ba jakar da kake aiki a kai ba. Nan ne fayil ɗin da ka manta ba ka sa a git ba zai bayyana.

Sani_Sabar:
qgisMinimumVersion kuma kada a rubuta 3.0 don kawai Plugin Builder ya sa haka. Alkawari ne kake yi cewa yana aiki tun daga sigar 2018. writeAsVectorFormatV3 da Bala ya ambata sai 3.20 ya shigo. QGIS yana fitowa duk wata 4, kuma ma'aikatu sun fi zama a kan masu dogon tallafi irin 3.28, 3.34 da 3.40. Ka tambayi mutanenka mafi tsufar da ke hannunsu, ka sa ta, ka gwada a kanta. Akwai hotunan Docker na qgis/qgis ga sigogi dabam-dabam, da pytest-qgis sai gwajin ya gudana ba tare da allo ba. Sigar Python ma tana bambanta: match da rubuta int | None sai 3.10, tsohon girki zai tsaya tun a layin import.

ƊanKod:
Ku ƙara da ƙaura zuwa Qt6, sabuwar sigar kayan gina tagogin manhajar, wadda ita ce tushen QGIS 4. Wanda ke rubuta sabon fulogin yau ya rubuta shi yadda zai yi aiki a duka biyun. Shigo da komai daga qgis.PyQt, ba PyQt5 kai tsaye ba. Rubuta cikakken suna, Qt.AlignmentFlag.AlignLeft maimakon Qt.AlignLeft. exec() maimakon exec_(). Sannan a rabu da resources.qrc, domin PyQt6 ba shi da pyrcc, kuma resources.py da pyrcc5 ya samar yana da from PyQt5 a kansa. Hoton maɓalli a nemo shi da os.path.dirname(__file__) kawai. A ma'ajiyar kod ta QGIS akwai rubutun pyqt5_to_pyqt6.py da ke yin yawancin sauyin. Waɗanda suka ga ƙaurar 2 zuwa 3, lokacin da aka koma Python 3 da Qt5, sun san fulogin nawa aka bari a baya don masu su ba su dawo ba.

Ummi_Taswira:
To fulogin na JOSM, manhajar gyara taswirar OpenStreetMap, fa, haka tsarinsa yake?

Hauwa_OSM:
A'a, wancan Java ne, fayil ɗin jar ake rabawa, bayanansa kuma a cikin manifest suke. Sai dai a buɗe masa tasa muhawarar.

Mai_Awo:
Na gode ƙwarai. Ga inda aka tsaya a nan: za a mayar da shi algoridim na Processing da maɓalli ɗaya, a cire laburaren a yi amfani da XLSX na GDAL, a auna da QgsDistanceArea. Rumbu kuma na gida tukuna, tunda sunayen filayen teburin a rubuce suke cikin kod.

Zainab_PyQGIS:
Ai wannan ɗin ma abin gyara ne, Malam, ba hujjar zaɓen rumbu ba. QgsProcessingParameterField zai ba mai amfani damar zaɓen filin da kansa daga leyar da ya sa. Da zarar ka yi haka, ya daina zama na ma'aikata ɗaya, hujjar ƊanKod ta faɗi.

ƊanKod:
Ba ta faɗi ba Malama. Ɗorawa a babban rumbu ɗaukar nauyi ne. Baƙi za su buɗe ƙorafi a tracker, kowace sabuwar sigar QGIS sai an gwada, adireshin imel ɗin da ke metadata.txt kuma sai ya zama wanda ake karantawa. In babu wanda zai riƙe wannan na shekara biyu ko uku, gara ya zauna a gida.

Bala_Raster:
In ma an gaji, akwai deprecated=True, kuma a babban rumbu ana iya ƙara wani a matsayin mai kula da fulogin ɗin ya ci gaba. Mai_Awo, ko wanne ka zaɓa, sunan jakar nan ka tsayar da shi tun yanzu, ƙananan haruffa da _ kawai, ka kuma bincika babban rumbu ka tabbatar babu mai irinsa. Idan sunan jakarka ya zo ɗaya da na wani fulogin da ke can, QGIS zai ɗauke su abu ɗaya, ya nuna wa mutanenka sigar wancan a matsayin sabuntawa, wanda ya danna kuma naka ya goge.

Sani_Sabar:
Lambar siga ma haka. Babban rumbu ba ya karɓar lamba ɗaya sau biyu, ko waƙafi ka gyara sai ka ɗaga zuwa 1.2.1. A rumbun gida babu mai hana ka maye zip ka bar lambar yadda take, amma QGIS lambar kawai yake kwatantawa, don haka babu wanda zai ga gyaran.